Hirar da Ta Gagari Sharfaddeen

Sharfaddeen ɗan unguwar Jekadafari ne a Gombe, amma rabin rayuwarsa a hanya ya yi ta. Wakilin wani gidan rediyon ƙasar waje ne, yau Njamena, gobe Khartum, daga baya ya koma ɗaukar fim kan rayuwar mutane. Dabararsa ɗaya ce: ya kafa kyamara, ya yi tambaya guda, ya ja bakinsa ya tsuke. Shirun ne ke damun mutum har ya amayar da abin da ke cikinsa. Da haka ya sa masunta da tsofaffin sojoji kuka.

Da furfura ta fito ya dawo Gombe. Hira ɗaya ta rage masa, ta mahaifiyarsa, Inna Safiyyatu. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa Bafulatana ce mai alkunya, ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta ce masa sannu da aiki. Ga ƙarfinta ya fara ƙarewa, shi kuma so yake ya ji daga bakinta yadda ta ɗauki aikin nan nasa. Duk girmansa, abin yana ci masa rai.

Ya kafa kyamara a tsakar gida, ya yi tambayarsa, ya yi shiru. Ashe gidan shirun ya zo! Inna ta ci gaba da tsince wake har batir ya mutu.

Ƙanwarsa Batul ta tuntsire da dariya. "Haba Yaya, a gabanka za ta yi magana? Bar mini abin nan, ka tafi."

Washegari ya kunna hoton a kwamfutarsa. Muryar Batul ce ta fara: "Inna, cikin labaran da Yaya ya kawo, wanne kika fi tunawa?"

"Ina ruwana da labaransu? Ko ɗaya ban riƙe ba," in ji Inna, idonta a kan faifai. "Muryar nake saurare. In ta dushe, na san mura ta kama wancan, sai in wuni ina addu'a. In ta fito tas, sai abinci ya shiga." Ta ɗago ta harari kyamarar. "Kada ki bari ya gani."

Sharfaddeen ya sha kuka shi kaɗai. Da la'asar ya wanke fuska ya je gaishe ta, ya durƙusa, murya a ɗan dushe, ya ce, "Inna, ina wuni?"

Ba ta dube shi ba. Ta ɗan saurara, sannan ta ɗaga murya: "Batul, a dafa wa wancan citta."