Farantan Sola a Kan Karafan ɗin Kawu Sale

Litinin: Kazaure zuwa Makka

Ƙarfe huɗu da minti arba'in na asuba na bar Kazaure, ni da jakata da wata 'yar mitar gwajin lantarki. Shekara goma sha tara ina koyar da Fiziks a sakandare, kuma ban taɓa haɗa abin da ran mutum ya rataya a kansa ba. Da wannan zan fara.

Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ya tafi aikin hajji tun ina firamare, bai dawo ba. Tumakin wani Balarabe yake kiwo a bayan Arfa. Ba shi da takardar zama, ga ciwon sukari. Allurar insulin ba ta jure zafi, shi kuwa a karafan yake zaune, wato ɗakin ƙarfe mai taya, kuma babu wuta a wurin. Mai tankar ruwa ne ke kawo masa ƙanƙara a kula, ta narke kafin ta kwana biyu. Da bazara maganin ya lalace, ya yi mako uku a kwance. Da Inna ta ji zan je Umara, sai ta haɗa ni da kwangila. Ta ce tunda kullum ina zana wa 'ya'yan mutane rana a allo, in je in kamo wa ƙaninta ita.

Shida da kwata muna filin jirgi na Kano. Jirgin da aka ce na tara ne ya tashi sha ɗaya da rabi, wanda a lissafin filin jirgi sammako ne. Mun sauka Jidda shida da rabi na can, muka yi awa biyu a layin duba fasfo, bas ta kwaso mu zuwa masaukinmu a unguwar Misfala, cikin Makka. Ɗakinmu na hawa na shida, mu huɗu, gadona na jikin ƙofa. Da haramina na kwana.

Talata: Tandabawi da Aziziyya

Bayan asuba na yi Umara, aka aske ni ƙwal a riyal goma. Ƙarfe goma na doshi unguwar Tandabawi a ƙasa, neman Rahma, 'yar Kawu. A Makka aka haife ta, tana da takarda ta hannun mijinta, kuma ita ke fafutukar samo wa babanta magani. Ban taɓa ganinta ba, amma taubasantaka ba ta jiran gabatarwa.

"Kai ne ustaz ɗin? Ya Allah! Na zaci dogo ne. A hoton da Gwaggo ta aiko ka fi haka yawa."

"Hoton da gashi ne," na ce.

Ta zubo mini ful, dafaffen wakensu na can, da gurasar tamis, ta tsaya a kaina ina ci. Hausarta tana tafe tana tuntuɓe da Larabci, amma ba ta faɗuwa. Ta buɗe firjinta ta nuna mini kwalaben insulin uku, ƙanana kamar babban yatsa. Ta ce na wata uku ne, kuma sai da ta yi wata guda tana bin mutane kafin ta same su. In suka lalace, halas, shi ke nan, ba ta san ƙofar da za ta sake ƙwanƙwasawa ba. Shi kuwa Baba ba zai yarda a shigo da shi gari ba, saboda masu taftish da ke duba takardu a hanya.

Ƙarfe ɗaya ta haɗa ni da Isufu, wani Badamagare mai akori-kura, irin wadda a can ake kira wanet. Da ya ji ni malamin makaranta ne sai ya laƙaba mini Mushe, yadda suke kiran malamin boko a Nijar. Muka shiga Aziziyya, shago huɗu muka leƙa. Na sayi farantan sola biyu masu wat ɗari-ɗari, da batir, da kwantirola mai daidaita caji, da ƙaramin firjin mota, da waya da fis da ƙarafan girke farantan. Mai shagon ya yi ƙoƙarin koya mini yadda ake kafawa. Na gode masa cikin irin ladabin da likita ke yi wa mai ba shi shawarar jiƙo.

Laraba: Wadi Nu'uman

Bakwai da rabi muka tashi, gari ya yi lumshi, babu rana ko ta shaida. Rahma na gaba da kwalaben a kula, ni ina gefen ƙofa da fasfo a aljihun ƙirji, ina taɓa shi kamar laya. Mun wuce Muzdalifa da Arfa, wuraren da na sani a littafi cike da mutane, yau babu kowa sai fitilu da rumfuna. A shingen hanyar Ɗa'ifa askar, wato jami'in tsaro, ya leƙo, ya dubi farantan, ya dubi kaina, ya ɗaga hannu. Isufu ya ce, "Askinka ya fi fasfo, Mushe." Kilomita arba'in da 'yan kai muka yi kafin mu saki kwalta, sannan minti ashirin a cikin tsakuwa.

Karafan ɗin fari ne a da. Yana tsakanin duwatsu biyu, tayoyinsa sun nutse, garken tumaki a bayansa. Kawu ya fito, siriri, da rawani ja irin na can, da fuskar Inna sak. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Ɗan Yaya. Ashe za a ga juna." Ya tambayi mutum goma sha ɗaya a Kazaure. Bakwai sun rasu. Na faɗa masa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa Allah ya jiƙan rai, ni kuwa ina satar kallon agogo, don Isufu ya ce ƙarfe huɗu da rabi yana da lodi a gari.

Na hau rufi. Duk ɗalibin da ya zauna ajina ya san cewa a arewacin duniya kudu ake fuskantar da faranti, musamman da sanyi, lokacin da rana ke ratsawa ta can. Saura a san ina ne kudu. Rana ba ta fito ba, wayata babu sabis, ba ni da kamfas. Sai na hango dardumar Kawu a shimfiɗe a ƙofar ɗaki. Na tsaya yadda mai sallah zai tsaya, na miƙa hannun dama, kamar yadda aka koya mana tun aji uku, na ce ga kudu nan. Na jingina farantan sosai ta wannan ɓangaren, na ɗaure, na toshe ramukan kusa da gam don kada ruwa ya bi.

A ciki na ajiye batir ƙarƙashin gado, nesa da murhu. Na fara haɗa shi da kwantirola, sannan farantai, sannan firji, yadda ƙa'ida ta ce. Batirin ya zo da cajinsa, don haka nan take firji ya yi 'yar ƙara, fitila kore ta kama. Caji daga rufi kaɗan ne, na ce laifin gajimare ne. Rahma ta jera kwalaben a ciki tana bismillah. Kawu ya sa hannu ya ji sanyi, sannan ya ce a dafa shayi. Biyu da rabi muka juyo.

Alhamis da Juma'a: Harami

Rana ta dawo da ƙarfinta. Ya kamata in ce na natsu na yi ibada, amma masu karatu sun fi cancantar gaskiya. Ina ɗawafi ina lissafin awowin caji. Na zauna karatu, na tashi, na sha zamzam, na hau bene, na sauko. Wani dattijo ɗan Sakkwato da muke ɗaki ɗaya ya tambaye ni ko kuɗina aka yanke. Sau uku na kira Kawu, ba ta shiga. Sai ya hau dutse yake samun sabis.

Asabar: komawa

Bas ɗinmu ta Jidda ƙarfe biyar na yamma za ta tashi. Na tsara in yi ɗawafin bankwana da hantsi, in sayi tsaraba. Takwas saura kwata Rahma ta kira.

"Ustaz, talaja ta mutu."

"Wace talaja?"

"Firjinka! Baba ya hau dutse ya kira. Tun asuba fitila ja, babu sanyi."

"To ya mai da su kula mana, cikin ƙanƙara."

"Wace ƙanƙara? Ya sallami mai tanka tun Laraba. Ya ce masa ɗan 'yar'uwarsa malamin kimiyya ne."

Isufu ya zo da lodin kwalaye a baya, bai ko sauke ba. Muka ɗauki Rahma a bakin titi, muka tsaya gidan mai a Aziziyya na sayi ƙanƙara leda biyu. A shinge an yi layi, mota tara a gabanmu, ana buɗe bayan kowace. Minti ashirin da biyar. Na ƙirga su duka. Ruwa na ɗiga daga ledar zuwa ƙafata, ni kuwa ina bin wayoyin a kaina ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda na yi kuskure, ina kuma fatan laifin mai shago ne.

Goma da ashirin muka iso. Ban ma sauka daga mota ba na gani. Rana na can gefe guda tana zuba wuta, farantaina sun juya mata ƙeya, suna kallon dutsen arewa cikin natsuwa.

Rahma ta ruga ciki. Na bi ta. Ɗakin kamar tanda. Ta buɗe firji, ta ɗauki kwalba ta ɗora a kuncinta, ta ɗaga ta wajen haske. Ruwan garau yake.

"Da sauran sanyi. Kaɗan." Ta naɗe su a tawul don kada ƙanƙara ta taɓa su kai tsaye, ta sa a kula, ta zauna a kan murfin.

Kawu na zaune a inuwa yana jan carbi. Na ce, "Kawu, ina kuke fuskanta in za ku yi sallah?"

Ya nuna da haɓa. "Can. Inda rana ke faɗuwa."

Tun da aka haife ni, in na kalli alƙibla rana daga gabana take fitowa, kudu na dama. Na manta cewa na tsallake Ka'aba na bar ta a yamma. Dama ta a nan arewa ce.

"Amma Kawu, kwana biyu kuna ganinsu a haka?"

"Na gani. Tun safiyar Alhamis na ce wa tumaki, waɗannan abubuwa fushi suke da rana. To amma na ce ko ilimi ne. Mu da ba mu yi boko ba, ina mu ina gyara wa malami?"

Isufu ya kifa kai a jikin mota, kafaɗunsa na rawa don dariya. Rahma ta leƙo ta taga. "Ustaz, ɗalibanka nawa? In aika musu ta'aziyya."

Akwai ƙari. A jikin kwantirola na tarar da wayoyi shida a jone, da tocila biyu, da rediyo. Labari ya zagaya kwarin cewa wuta ta zo gidan Sale, kuma Kawu ba ya iya cewa a'a ga maƙwabci.

Muka hau rufi ni da Isufu. Kwanon ya yi zafin da sai da muka shimfiɗa kwalayensa muka durƙusa. Gam ɗin da na yi alfahari da shi ya riƙe kusoshin tamau, da wuƙar Kawu muka ƙwaƙule. Sabon askina ya sha rana har na ji kamar ana toya waina a kaina. Wannan karon ban tambayi darduma ba. Na sa Kawu ya tsaya a ƙasa da sandarsa, ya nuna mini inda rana ke fitowa a wannan watan, da inda take tsayawa, da dutsen da take faɗawa bayansa. Ya nuna ba tare da ya ɗaga kai ba.

Sha biyu saura kwata muka ɗaure kusa ta ƙarshe. Na sauko na duba kwantirola. Ƙarfin caji ya tashi daga amfa biyu zuwa goma. Na hana a kunna firji sai batir ya farfaɗo, muka zauna muna kallon lamba kamar masu jinya. Ƙarfe ɗaya da rabi fitila ta koma kore, firji ya yi ƙara. Na kafa doka: babu cajin waya sai tsakanin azahar da la'asar, kuma biyu-biyu. A goge farantai da tsumma kowace safiya. A dawo da mai tanka, ya ci gaba da kawo ƙanƙara har a ga kamun ludayin abin.

Amma gwajin gaskiya shi ne ko batir zai kai firji asuba, kuma ba zan gani ba. Rahma ta ce za ta kwana. Biyu da rabi na yi sallama da Kawu. Ya ba ni man shanu a gwangwani in kai wa Inna, ya juya ya shiga cikin tumaki kafin mota ta tashi.

Huɗu da kwata muka shiga Misfala. Na ɗauki jaka, na tsaya a bakin titi inda ake hango hasumiyar Harami, na yi bankwana daga nan. Ɗawafin bai samu ba. Tsaraba ma haka.

Lahadi: Jidda zuwa gida

Jirgi ya tashi shida na safe. Awa biyar na yi ina zaune ina tashi, har ma'aikaciyar jirgi ta tambaye ni ko cikina ne. Mun sauka Kano tara da 'yan mintoci, na kunna waya, babu saƙo. Na kira Rahma, ba ta shiga. A tasha na kira, a hanya na kira, har wanda ke kusa da ni ya ce in bar ta ta huce.

Sha biyu da rabi na shiga gida. Inna na kan tabarma, ban gama gaishe ta ba wayar ta yi ƙara. Kawu ne, yana haki, da ganin alama yanzu ya hau dutse.

"Ɗan Yaya, ya kwana da ransa. Rahma ta duba da asuba, fitilar kore ce. Na yi allurata da sanyinta."

Na zauna a ƙasa. Sai a lokacin na ji zafin kunar da ke kaina.

"Ba ni Yaya," ya ce. Na sa mata a kunne, amma muryarsa har tsakar gida. "Yaya, ɗanki ya iya aiki. Sai dai in za a aike shi, a riƙa biya masa mota sau biyu."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma tsare kwalabe uku daga ilimina. Na gode wa Rahma, da Isufu wanda ya yi asarar lodin yini guda bai yi ƙorafi ba, da Kawu Sale. Gobe Litinin ina da aji ƙarfe takwas.