Ranar da Baba Ya Taka Iyakar Kwaleji

Baba ba ya sayen gona, ba ya ma karɓar aronta, sai ya taka iyakarta da ƙafarsa ya dawo inda ya fara. Na san halinsa sarai, amma ban taɓa zaton zai yi wa makaranta haka ba.

Autarmu ce ta samu gurbin karatun ungozoma a wata ƙaramar kwaleji mai zaman kanta a bayan garin Kankiya. Ita ce mace ta farko a gidanmu da za ta kwana a makaranta, shi ya sa Baba ya ce ba zai ce e ko a'a ba sai ya gani da idonsa. Ni kuwa ma'aikaci ne a ƙaramar hukumar Kusada, ina ji da boko, na yi mata alkawarin zan shawo kansa. Muka taso daga ƙauyenmu Kaikai mu uku, auta ta sha sabon hijabi.

Jami'in kula da ɗalibai ya tarbe mu hannu bibbiyu. Ya nuna mana azuzuwa huɗu, da ɗakin karatu, da wata 'yar tsana ta roba da ake koyon karɓar haihuwa da ita. Ni sai zuzutawa nake kamar dillalin shanu. Baba kuwa ya ɗanɗani ruwan famfo, ya leƙa masallaci, sannan ya juyo.

"Malam, ina iyakarku ta fara?"

Jami'in ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Haka muka bi dattijon nan cikin rana, yana dogara sanda, muna zagaya katanga. Raina ya ɓaci matuƙa, don gani nake yana kunyata mu. Can bayan ɗakin kwanan mata sai ga shi katanga ta ƙare, an bar giɓin da ya kai taku ashirin, akuyoyin unguwa na shige da fice abinsu.

"Wanga fa?" in ji Baba.

"Baba, aikin ne ya tsaya mana, amma in sha Allahu za mu ƙarasa," in ji jami'in. Bai yi ƙarya ba, bai kuma kawo wani dogon uzuri ba, har tausayi ya ba ni.

Baba ya auna wurin da ƙafa, ya ce mu tafi gida. Da muka sauka auta ta ce mini, "Yaya, shi ke nan ko?" Kwana uku ba ta cin abincin kirki, ni ma na daina zama hira da Baba. A zuciyata na riga na yanke masa hukunci: dama dalili yake nema, ya kuma samu.

A rana ta huɗu da hantsi ya aiko a kira ni. Na same shi a bakin gonarsa ya sassaro rassan aguwa, irin wadda muke shinge da ita, ya ɗaure dami biyu manya. Ƙaron nan nata fari duk ya ɓata masa riga.

"Tada mashin ɗinka ka kai ni Kankiya."

Sawu biyu na yi. Ya nemi izinin jami'in, ya tuɓe babbar riga, ya shiga haƙa rami da fartanya yana dasawa ɗaya bayan ɗaya. Na karɓi fartanyar ina jin kunya kamar in nutse. Sai bayan la'asar muka toshe giɓin, ya taka gindin ta ƙarshe da dugadugansa.

"Ruwa na sauka za ta kama," ya ce. "Ka ce ma ɗiyata ta haɗa kayanta."

Auta ta gama, yanzu tana aiki a asibitin karkara. Katangar ma an daɗe da ƙarasa ta, amma ba su cire aguwar ba. Baba bai ga ranar yaye su ba, Allah ya riga ya karɓi abinsa. Ranar, da aka watse daga taro, na neme ta ko'ina na rasa, sai na zagaya bayan ɗakin kwana. Tana tsaye gaban shingen, riƙe da takardar shaidarta, ya fi ta tsawo.