Malama Asabe Ba Ta Karɓar Rabin Littafi

Ina cikin adaidaita sahu a hanyar Hotoro ɗanta Mustafa ya kira ni. Bai iya ƙarasa maganar ba, ni ma ban nemi ya ƙarasa ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malama Asabe ta rasu bayan gajeriyar jinya, a gidansu da ke Nassarawa GRA, gidan da muka yi shekaru muna aiki tare a ɗakin baya.

Malamar sakandare ce da ciwon ido ya raba ta da gani tana tsakiyar koyarwa. A lokacin, littattafan da ɗalibai makafi ke karatu da su na sauti ne, ba sa buɗuwa sai a wata na'ura ta musamman da ake kawowa daga waje. Na'urorin suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, aka rasa mai gyara duk faɗin Kano. Ita ce ta kafe cewa sai mun mayar da su littafin da kowace waya za ta buɗe, rubutu da murya tare, babi a wurinsa, shafi a wurinsa. Ni ke zaman kwamfuta, ita ke yanke hukunci.

Hukuncin nata kuwa ba sauƙi. Duk ranar da na ce na gama littafi, sai ta sa a lulluɓe fuskar kwamfutar da tsohon gyalenta, ta ce, "To Malam Nuhu, nemo min babi na uku." In yi ta lalube, muryar kwamfutar tana kai ni inda ban aike ta ba, ita kuma tana dariya har da tafi. "Ka gama wa masu ido," in ji ta. "Mu namu da saura." Na sha komawa gida raina a ɓace, washegari kuma in dawo in tarar da kuskuren yana nan inda ta ce.

Akwai wani mai karatu da aka ɗauki muryarsa, da ya iso wurin zane a littafin kimiyya, ya ce "akwai hoto a nan," ya wuce abinsa. Malama ta sa aka nemo shi har Tudun Wada. Ta ba shi abinci, ta jira ya ƙoshi, sannan ta ce, "Ɗana, hoton mene ne? Ai ba gulma ba ce, faɗa mana abin da ke ciki." Bai tashi ba sai da ya siffanta zuciyar ɗan Adam ɗaki-ɗaki.

A wurin zaman makoki wani dattijo, da kyakkyawar niyyarsa, ya ce da ni, "Yanzu sai ku zuba musu sautin a memori haka nan, ku huta. Makaho ai ji kawai yake yi." Wurin ba na musu ba ne. Amma ga amsata yau: ba za mu zuba ba. Sauti miƙaƙƙe mara shafi ba littafi ba ne. Idan malami ya ce a buɗe shafi kaza, ɗalibinmu zai buɗe tare da kowa, ba zai zauna yana jiran wani ya tausaya masa ba.

A ranar ce Rabi ta zo daga Gama, ɗalibar da za ta zauna jarrabawar ƙarshe bana, wadda littafinta muka bari a rabi. Ta yi gaisuwa, ta yi kukanta, da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, shi ke nan ko?" Na ce mata kafin a koma makaranta littafin yana cikin wayarta, kuma ita za ta duba min shi.

Allah Ya jiƙan Malama Asabe, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Allah Ya ba Mustafa da ƙannensa haƙurin wannan rashi. Mu kuma da ta bari a ɗakin baya, Allah Ya hana mu hutun da ake mana tayi, har sai Rabi ta buɗe shafinta da hannunta.