Jar Motar da Baba Ya Tayar Sau Ɗaya

Yau mai sayen tsoffin ƙarafa ya wuce ta ƙarƙashin tagata a unguwar Ainu Shams, nan Masar, yana kiran "Bikya!", sai na tuna da Baba, tsohon bakaniken da na yi haya a saman garejinsa.

Shekara ashirin ya yi yana gyaran wata jar motar tsere ƙirar Italiya, wadda aka shigo da ita Masar tun zamanin da sarki ke mulkin ƙasar. Ko noti ɗaya bai yarda ya ɗaura mata ba in ba nata ba ne. "Sai na asali, ɗana," yake ce min, yana ta warin baƙin mai.

Shekarar da ake ta harbe-harbe a gari ya tayar da ita, bayan La'asar. Ƙararta ta girgiza layin, mutane suka zaci bindiga ce. Aka rufe shaguna, wata mata ta faɗi da goyonta wajen gudu. Baba ya kashe injin, ya goge hannunsa, ya ce, "Khalas, shi ke nan. Ba lokacinta ba ne."

Bai sake tayar da ita ba har ya rasu. 'Ya'yansa suka kira mai bikya, aka yayyanka ta, aka loda a amalanke.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya saukar da kai inda ƙara ba ta firgita kowa.