Aron Ido a Ɗakin Gwanjo

Ana idar da sallar asuba muka fito daga unguwar Camberwell, ni da maƙwabcina na ƙasan bene, sanyi kamar zai cire wa mutum kunne. Shi ɗan ƙabilar Baga ne ta gaɓar tekun Gini, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, ya doshi arba'in. Hausarsa a zangon Ankara ya tsinto ta. Ni kuwa kwas gwamnati ta turo ni, yanzu da kuɗin mai ya mai da kowa ɗan Landan.

Labari ya samu cewa za a yi gwanjon wani sassaƙen maciji daga ƙasarsu, kuma ranar ce ta ƙarshe da za a bar jama'a su gani. Yana kyautata zaton na ƙauyensu ne, wanda mahaifinsa ke ɗorawa a ka ya yi rawa ranar da samari ke fitowa daga kurmi sun zama maza. Shaida ɗaya gare shi: tsohon ya gaya masa wuyan ya taɓa tsagewa, ya ɗinke da wayar tagulla.

Muka hau bas mai bene, muka sauya zuwa tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. A tsakiyar gari ga mutanenmu nan da manyan akwatuna, suna jiran a buɗe kantuna. Muka tsaya shan shayi, mai tsada, ruwan zafi ne kawai da aka nuna wa ganye daga nesa. Nasa har ya huce bai taɓa ba.

Da muka isa ƙofar ɗakin, sai ya ja ya tsaya, ya juya baya.

"Malam, kai shiga. Ni ba ni gani."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce haba, duk wannan sammakon? Sai ya ce shekarar da zai shiga kurmi aka sare kurmin, aka ƙone kayan dodanni, kayan da suka tsira aka sayar. Wanda bai shiga ba kuwa ba ya ɗaga ido ya dubi macijin.

"Har yau ni yaro ne wurin shi."

"To ni fa?"

"Kai baƙo ne, bai san ka ba."

Na yi a'uziyya na shiga. Macijin ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, ya lanƙwasa kamar yana shirin motsi, an zane shi da ja da baƙi da fari. An rataya masa lamba. Wata Baturiya tana leƙen idonsa da tabarau. Na zaga ta baya, ga tsagar nan a wuya, ga tagullar ta yi kore.

Na fito na ce masa shi ne. Sai ya tambaye ni:

"Wa na ɗauke da shi?"

"Ba kowa. A kan ƙarfe aka kafa shi."

Ya cire hularsa a cikin sanyin nan, hawaye na bin gemunsa, bai juyo ba ko sau ɗaya. Tausayi ya kama ni.

Kafin azahar mun koma gida. Da ina ɗauka amfanin tafiya shi ne a gani. Wannan bawan Allah ya ƙetare Landan don ya tsaya a ƙofa ya ba da baya. Washegari wani mai kuɗi ya sayi itacen. Abin da ya hana maƙwabcina juyowa kuwa ba ya cikin kayan gwanjon.