Munduwar Kaka a Cikin Toka

Kakata Laraba ba ta ba da tatsuniya sai an ci tuwo an kife tukunya. A wani ƙauye muke bayan Manchok, gindin dutse. Mu jikoki mu kewaye murhun tsakar gida, ita tana zaune a kan turmi, tana juya masara a bakin wuta. Hayaƙi ya shiga ido, amma ba mai tashi.

Ba ta da fara'a. Ni ma ba ni da ita, a wurinta na gada. Sai dai in ta buɗe baki, har karen gidan yakan kwanta. Da yarenmu take yi, in ɗan kasuwa zai yi magana a labarin sai ta juya Hausa, domin da ita ake ciniki. A hannunta na hagu akwai wata munduwa baƙa ƙirin, mai kauri. Mun ɗauka ƙarfen banza ne.

Takan fara da cewa, "Tatsuniya ta zo baƙunta. Wa zai ba ta wuri?" Mu ce, "Mu ne!" Ta ce, "To, ku rufe baki, ba ta son surutu."

Da yawa na manta. Ɗaya ce ta zauna mini.

Wai an yi shekarar yunwa. Wata mata mijinta ya mutu, ya bar ta da 'ya'ya da rumbu wayam. Abin da ya rage mata munduwar uwarta ce, ta yi baƙi don tsufa. Ta ɗauka za ta kai kasuwa. A bakin rafi ta gamu da wani mutum cikin babbar riga, da ɗan ma'auni a hannu. Ya karɓa, ya juya, ya taɓe baki. Nan Kaka ta shaƙe murya:

"Kai, baiwar Allah, wannan ai mataccen ƙarfe ne. Amma don tausayi, ga ƙoƙon acca ɗaya."

Matar ta kusa karɓa, don yaranta ba su ci kome ba. Sai idonta ya sauka a hannunsa. Bakinsa yana zagin munduwa, yatsunsa sun damƙe ta kamar za su nutse a ciki. Ta ce, "Tunda matacce ne, ba ni in jefa a rafi da hannuna." Ta fizge, ta ɗaga sama. Mutumin ya yi tsalle da ihu zai tare, riga ta yaye, sai ga wutsiya. Ashe kura ce.

Muka fashe da dariya. Kaka ba ta yi ba. Ta ce matar ta wuce kasuwa, ta sami maƙeri na gaskiya, ta koma gida da jakuna ɗauke da hatsi. Ƙanena Bulus ya ce, "Kaka, baƙin ƙarfe ne zai sayi jaki?"

"Kai da kan kabewa, matso."

Ta zare munduwarta. Ta ɗebi toka a gefen murhu, ta tofa miyau, ta goga da bakin zane. Da ta ɗaga ta a gaban wuta, wurin da ta goga ya yi fari fat, harshen wuta yana rawa a cikinsa. Na ɗauka ta ɓallo guntun farin wata ne daga sama. Kullum wannan hannu yake ba mu tuwo, yake dukanmu, ba mu san me yake ɗauke da shi ba.

Ta ce, "Azurfa ke nan. Tana baƙi, ba ta mutuwa. Tatsuniya ta tashi, kowa ya nemi tabarmarsa."

Da ta rasu, ni aka ba munduwar. Na sa ta a gwangwani tare da 'yan kunnen gwal na mahaifiyata, waɗanda maƙalinsu ya karye.

Shekarar da aka ƙone mana gida na rasa mijina. Ba zan yi dogon zance a kan wannan ba. Muka kwana a coci makonni. Da na koma, bango huɗu ne tsaye, ba rufi. Yara uku, damina ta matso. Na tona toka da sanda har na ci karo da gwangwanin, ya lotse. A ciki, munduwa ta lanƙwashe, 'yan kunne sun manne a jikinta, duk ya zama baƙin dunƙule.

Na shiga mota zuwa Kafanchan. Ban yi makaranta ba, ban san giram ba. Na san dai ina bukatar kwano a kan ɗakina kafin ruwa ya sauka.

Shagon farko wani saurayi ne mai agogo babba. Ya juya dunƙulen, ya yi tsaki.

"Madam, wannan ai bola ce. Kuza ce da dalma, wuta ta gama da ita. Amma na ga halin da kike ciki, bari in ba ki na mota da na garin masara."

Na gaji, ina jin yunwa. Na buɗe baki zan ce to. Sai na ga hannunsa. Ya rufe dunƙulen ruf, har ya fara jan aljihun tebur da ɗayan. Wallahi sai da na ji warin hayaƙin murhun Kaka.

Na ce, "Tunda bola ce, ba ni in jefa a kwata."

"Haba Madam, tsaya mana! Zauna mu yi magana."

"Ba ni."

Ya ninka tayinsa ina bakin ƙofa. Ya sake ninkawa ina kan titi. Ban juya ba.

Wata mai sayar da citta ta nuna mini rumfar wani tsohon maƙerin fari, Malam Sule, can cikin kasuwa. Na ce, "Baba, kome za ka yi, ka yi a gabana." Ya ce, "Haka ake yi, 'yata. Matso da kujerarki."

Ya kankare gefe da magagari, fari ya fito. Ya kankare wani wurin, ja ya fito. Ya goga jan a kan wani baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji. Layin da jan ya bari a kan dutsen bai gushe ba, yana nan yana ƙyalli. Ya ɗago ya dube ni.

"Abu biyu ne a nan. Wanda ya auna miki su a haɗe, ya cuce ki."

Ya sa kurfi da guduma ya raba su, ya nuna mini sikeli ba kome a kai, ya auna gwal daban, azurfa daban. Ya ce in je in tambayi farashin ranar a wasu shaguna kafin in amsa masa. Na je, na dawo, muka daidaita. Kafin ya ɗauke azurfar na roƙe shi ɗan guntu. Ya yanko mini kamar ƙwayar wake.

Ruwan farko ya same mu a ƙarƙashin kwano. Na zauna ina jin yana duka, yara suna barci.

Da ina yarinya na ɗauka labarin kura ne. Yanzu na ga Kaka ta san wata rana ɗayanmu zai tsaya gaban mai saye da yunwa a ciki, ba mai tsaya masa, shi ya sa ta ba mu abin da za mu duba. Har yau abin yana ba ni tsoro. Tsohuwar da ba ta taɓa ganin shagon gwal ba, ita ce ta riƙe mini hannu a Kafanchan, ita tana kabari. Wuta ta cinye ƙofa da gado da rumbu, ta kasa cin abin da Kaka ta bari.

Jikokina yanzu waya suke kallo. Amma in an ɗauke wuta, sukan zo bakin murhu. Nakan fito da ɗan guntun nan, ya koma baƙi. In ce wa ƙaramar, "Ke, ɗebo toka."