Tasoshina a Ƙarƙashin Kwara

Ko zan manta komai, ba zan manta tsakar ranar da muka gudu daga Gaya ba. Lokacin Nasaran Faransa sun fara kwasar samari aikin dole. Da muka ji sojojin kumandan, Baturen mulkinsu, na tafe, sai na sa ɗana guda tilo a kwale-kwale, muka bi kogin Kwara za mu ƙasar Ingilishi.

Ni mace ce mai son kaya, ban taɓa ɓoyewa ba. Tasoshin tagulla da na tara a kasuwanci na loda har bakin jirgin ya kusa shan ruwa. Tare da mu akwai ƙanen mahaifina, tsohon da ya yi shekaru yana halwa a wata bukka bayan garin Bana. Buzu da buta kawai ya riƙo.

Na ce, "Baba, ƙaura za ka yi ko alwala?"

Murmushi kawai ya yi.

Mun yi nisa sai kogin ya yi tsit. Ba kukan tsuntsu, ba iska, ruwa ya kwanta baƙi ƙirin da rana tsaka. Masuncin da ke tuƙa mu ya tsame filafili. Sai na ji wani abu na gogar gindin jirgin a hankali, daga baya har gaba. Jirgin ya karkata, tasoshi suka kaure da ƙara, abin ya juyo ya sake goga.

Masuncin ya raɗa mini, "Dorina ce mai ɗa, Inna. Ba a kaɗa ƙarfe a nan."

Duk ɗan ruwa ya san wannan. Ni 'yar kasuwa ina zan sani? Na rungume tasoshin don su yi shiru, amma jikina ɓari yake, sai ƙarar ta ƙaru.

Baba ya ce a hankali, "Sauke numfashi, 'yata. Ɗauki ɗaya ki sa a ruwa kamar mai kwantar da jariri."

"Baba, wahalar shekaru ce fa!"

"Dubi ɗanki."

Na dube shi, ya ƙame, leɓunansa sun bushe. Haka na riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba, ina kallon ƙyallinsu yana ɓacewa. Da ta ƙarshe ta nutse sai kan dorinar ya ɓullo daf da Baba. Bai ko janye hannu daga bakin jirgin ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta nutse, ko kumfa ba ta bari ba.

Da muka sauka gaɓa na tambayi Baba ko bai ji tsoro ba.

Ya ce, "Na ji mana. Ba ni dai da abin da zai yi ƙara."

Ban zama mai halwa ba, kasuwa na koma. Amma tun ranar na rage tara kaya, kuma ba na fita da safe sai na zauna shiru zuciyata ta kwanta. Na gane cewa ranar tsoro, abin da mutum ya ƙanƙame shi ke jawo masa halaka.